Lambun da Ba a Zage Ba

Samarinda, 3 ga Agusta, 1997

Zuwa ga Bulik Ngatemi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Ko da yake ke 'yar ƙanin kakana ce, tun rasuwar mahaifiyata ke ce riƙe da gidan nan, babu mai ce miki bare, shi ya sa nake ce miki Bulik, ƙaramar uwa. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya gwiwoyin? Mu nan kalau muke, matata da yara suna gaishe ki.

Na san mutanen Punten sun sha magana a kan rashin ganina wajen jana'izar Baba. Su yi ta yi. Saƙon ƙanwata Warsini can cikin daji ya same ni, inda motocina ke lodin gungume, kafin in fito bakin kogi har an yi sadakar uku. In zo in tarar da me? Abin da ya rataya a wuyana na yi shi, na aika abin da za a yi ta arba'in. A yanka awaki, kada a ce gidan su Haji Marsudi an sallami mutane da shinkafa da tempe, wainar waken soya.

Da tarho zan buga, amma kin ce ba kya jin komai a cikinsa sai kukan ƙuda, shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar lambu ce. Warsini ta ce ba ruwanta, mijinta ma'aikaci ne a Malang, ta bar mini. To ga abin da na yanke: da an gama tsinkar bana, a sare tsofaffin bishiyoyin tuffar nan gaba ɗaya. Da za ki shiga kasuwarmu ta nan, da kin gane. Tuffar ƙasashen waje ce jibge, jawur, tana sheƙi, kowace an manna mata 'yar takarda a goshi kamar ta ci jarrabawa. Wa zai tsallake wannan ya sayi Rome Beauty ɗin Baba, mai tsamin da sai ka rufe ido ɗaya? Manalagi na yarda tana da zaƙi da ƙamshi, amma koɗaɗɗiya ce, ga tauri, mai haƙorin roba ba ya kusantarta. Na can saman tudu kuwa, da ake cewa wani Baturen Holan ne ya bari, ko suna ba su da shi, wace kasuwa za a kai abin da ba shi da suna? A cire su a dasa sabon irin nan, Anna. Tana ja, tana nuna da wuri, ido yana sonta.

Tun ina saurayi na faɗa wa Baba a canza iri. Ya dube ni ya ce hannuna ba na lambu ba ne, na sara ne. To hannun saran nan shi ya gina bene a bakin kogin Mahakam, shi ya kai ni Makka, kuma ban taɓa miƙa shi gaban kowa ba.

Af, har zan rufe. Ya ce wani abu a ƙarshe? Ba don komai ba, in akwai wasiyya a cika masa.

Naki,
Haji Marsudi


Punten, 18 ga Agusta, 1997

Le,

Wa alaikumus salam. A can su yi ta ce maka Haji, a nan dai Le kake, yaron da na goya ya jiƙa mini zane. Takardarka ta iso, na gode. Gwiwoyi suna nan, da safe su ne suka girme ni, in rana ta yi sai mu daidaita. Sanyin bana ya yi yawa, hazo ba ya sauka daga dutsen Arjuno sai hantsi ya ɗaga. Warsini tana lafiya. Za a yi ta arba'in yadda ka ce, har da awakinka.

Mun gama tsinka. Ka zagi tuffar ubanka son ranka, bari ni ma in ba ka labarinta. Manalagi ta yi kyau bana, duk wadda muka naɗe da tsohuwar jarida ta fito fes, ba tabon rana, dillalai tun a gona suka kwashe. Rome Beauty mai sa ka rufe ido, masu soya ta yanka-yanka da masu ruwan tsami rububinta suke yi, don ita ko wata ta yi a kwando ba ta laushi. Annar da kake yabo akwai ta a lambun Pak Legimin maƙwabcinmu. Kyakkyawa ce kam, amma in ba ta bar hannunka cikin mako ba sai ka ci abarka da cokali. Marasa sunan nan kuwa, duk alewar tuffar da ka lashe a gidan nan kana yaro da su aka tuƙa ta, ba ka tambayi sunansu ba a lokacin.

Lambu naka ne, ban musa ba. Amma yanzu lokacin zagar ganye ne. Ko ka manta? Bishiyar nan ba 'yar ƙasarmu ba ce. A ƙasarsu sanyi ke zubar mata da ganye, ta yi barci ta farka da fure. Mu nan sai mun bi ta reshe-reshe mun zage ta tas da hannu, mun tanƙwara rassan mun ɗaure, sannan ta zaci sanyi ya wuce. In ba a yi ba, haka za ta tsaya da ganyenta kamar bishiyar inuwa. Kullum ubanka ke fara zage ta farko, wadda ke bakin hanya, sannan mata su shiga. Bana mata sun zo suna tambayata wa zai fara. Ka bari a zage su ko sau ɗaya, su yi furen ƙarshe kafin rani ya fita, in ya so ka kawo gatarinka.

Ka tambayi ƙarshensa. Babu wasiyya. Da hantsi ne, ni da Warsini muna zaune a gefensa. Ya buɗe ido ya dubi Warsini, ya dube ni, sai ya juya wajen ƙofa, abin da ya faɗa shi ne: mana
lagi. Ya ƙara faɗa, ya ƙara. Daga nan bai sake cewa komai ba sai shahadar da aka laƙanta masa. Allah ya jiƙansa.

Ka gaishe da matarka, ka ce mata man zafin da ta aiko wari kawai gare shi.

Bulik ɗinka,
Ngatemi


Samarinda, 4 ga Satumba, 1997

Bulik,

Sallama da gaisuwa. Ina fata sanyi ya yi sauƙi. Mu nan lafiya, sai dai hayaƙi. Dazuzzuka ke ci da wuta ta ko'ina, da tsakar rana sai an kunna fitilar mota, rana kuwa kana iya kallonta da ido, ja, kamar an rataye ta. Ƙaramar 'yata tana tari.

Na karanta takardarki ban san sau nawa ba. Karatuna bai wuce sakandare ba, amma na san abin da malamin harshe ya koya mana. In aka haɗa, Manalagi sunan tuffa ne. In aka raba, mana lagi, a harshen makaranta tambaya ce: ina saura, ina ɗayan? Ke kuma rabe kika rubuta. 'Ya'ya biyu Baba ya haifa. Ya dubi ɗaya, ya juya wajen ƙofa. Bulik, me ya sa kika faɗe shi haka kawai tsakanin hazo da man zafi, kamar ba komai ba?

Mutumin nan tun da na bar gida bai taɓa aiko mini ko layi ɗaya ba. Da na zo masa da agogo daga Makka, a kan kwando ya ajiye ya koma ɗaurin reshe. Na ɗauka ya shafe ni tuntuni, ni ma na yi abin da ya fi mini sauƙi.

Ba na tsoron komai, kowa ya sani. Amma kalmar nan ta bi ni. Shekaranjiya ana lodi, direbana Bahrun ya leƙo ta taga ya ce, "Mana lagi, Pak Haji?" Sauran katako yake tambaya. Sai na zauna a kan gungume. Ya ce, "Lafiya, Pak? Ko hayaƙin ne?" Na ce, "Uwarka ce hayaƙin, ja mota." Mai shayi ya faɗa, mai awo ya faɗa, yarana su faɗa a kan faranti. Ashe a yini mutane suna faɗarta ba adadi, ban taɓa ji ba sai yanzu. Jiya kuma na shiga gaban mota, cikin warin gas da toka, sai ƙamshin tuffar nan ya buge ni, kamar an fasa ta a gaban hancina. Na duba ƙarƙashin kujera, na duba akwatin kayan aiki. Bahrun ya rantse rabonsa da tuffa tun bikinsa.

Ga umarnina, ya soke na farko. Kada a sare ko ɗaya. Kuma kada a zage ko ganye ɗaya. Kin ce mata suna tambayar wa zai fara, to ki ce musu ɗansa ne zai fara. Ni aka nema, ni zan zo in sa hannu a ta bakin hanya. Jiragen sama ba sa tashi, na ruwa ma sai jefi-jefi, amma da hayaƙin nan ya ɗaga ina hanya. Har na fara magana da wani zai karɓi rabin motocin. Na faɗa wa abokaina a masallaci cewa mahaifina ya kira ni kafin ya cika, wasu har da hawaye.

Kada kowa ya taɓa, Bulik. Ko Warsini.

Naki,
Marsudi


Punten, 6 ga Oktoba, 1997

Le,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya ba jikata lafiya, a dafa mata citta da zuma. Takardarka wata guda ta yi a hanya, ta iso tana warin gobara. Ni kuma duk tsawon nan jiranta nake, ban bari an taɓa komai ba, ga shi ta zo ta ce in ci gaba da jira.

Kai, Le. Takarda ce ta ƙare mini a bakin layi, na sauko ƙasa na ƙarasa. Ni ina na san malamin harshenku? Sunan tuffa na rubuta. Magani ya ɓata masa baki, komai ɗaci yake ji, kwana da kwanaki ba abin da ke shiga. Ƙofar da ya kalla, ka manta ina take buɗewa? Layin Manalagi ne a gabanta. Kuma ka yi tunani: ubanka da harshen makaranta? In kai yake nema, da harshenmu na gida zai neme ka, da shi ya raɗa maka suna, da shi ya zage ka. Kada ka sayar da motocinka a kan tsinin birona.

Yanzu ka ji halin da ka sa mu. Duk Punten an zage, an ɗaure, fure ya fito. In ka tsaya a kan tudu, ko'ina fari ne kamar an shanya likkafani, sai lambun ubanka kaɗai, baƙi-ƙirin da tsohon ganye. Ganyen ya fara tabo, farar ƙura ta hau shi. Pak Legimin ya zo har gida da hularsa a hannu, ya ce, "Yu Ngatemi, ciwon naku zai tsallako mini shinge fa." Na ce mai lambu yana zuwa. Ya ce, "Wanne daga ciki?" Ya yi dariya, amma bai kai ƙarshenta ba.

Abin da ya sa ya faɗi haka, mata sun daina bi ta hanyarmu. Wai in hazo ya sauka suna jin ƙarar zaga a ciki, shar, shar, irin ta mai jan reshe daga gindi zuwa kai. Na ce musu iska ce, na kore su da tsintsiya. To amma ran Juma'a da safe na je ɗebo ganyen rogo, na tarar da ɗanyen ganye tsibi guda a gindin ta bakin hanya. Reshe ɗaya an zage shi tas, ba a karya ido ko ɗaya ba, ba aikin akuya ba ne, ba na yara ba. Daidai inda hannun gajeren mutum irin ubanka zai kai. Na share ganyen ban faɗa wa kowa ba, kai ne na farko.

Ruwa ya yi jinkiri bana, wannan ne kaɗai sa'armu. In ya sauko a kan fure, furen zubewa zai yi. Ka aiko da kalma ɗaya in sa mata su shiga, in za su yarda. Ba sai ka zo ba. Bishiya ba ta san hannun wa ba ne.

Ngatemi


Samarinda, 23 ga Oktoba, 1997

Bulik Ngatemi,

Na samu. Muna lafiya, yarinya ta warke.

To madalla. Ashe tuffa ce. Mutum yana gaɓar mutuwa, ɗansa yana wata ƙasa, abin da ya zo masa a baki ɗan itace ne. Ai ban yi mamaki ba, shi ne dai, bai canza ba ko a ƙarshe. Ni ne sakaran da ya tsaya a masallaci yana ba manyan mutane labari. Jiya wani ya tare ni ya ce, "Pak Haji, yaushe tafiya amsa kiran tsoho?" Na ce hayaƙi ne ya hana. Ni Marsudi, yau ni ke laɓewa bayan hayaƙi.

Na fasa sayar da mota. Maganar reshe kuma, wani ne yake muku wasa da hankali, ki bincika cikin maƙwabta.

Ba za a zage ba. A sare. Na rubuta wa mijin Warsini ya nemo masu injin yanka, su fara a ƙarshen watan gobe, daga bakin hanya su yi sama, har marasa sunan. Itacen ki raba wa duk mai so ya hura wuta. Ko Annar ma na fasa, a shuka kabeji, a shuka dankali, duk abin da ba ya wuce wata uku a ƙasa. Tunda su ya zaɓa, su bi shi.

Haji Marsudi


Punten, 10 ga Nuwamba, 1997

Le,

Ina gaishe ka, ko ba ka so. An yi sadakar kwana ɗari lafiya, mutane sun zo, amma ta ƙofar baya suka shigo, ba wanda ya bi ta gefen lambu. Ni kuma barci ya yi mini wuya, ƙafa ta kumbura.

Mijin Warsini ya samo masu injin. Ban hana ba, ba ni da hurumi. Sai dai akwai abin da ban ƙarasa maka ba a waccan takardar, don ina so ka saki bishiyoyin su samu a zage su. Na ga abin da na faɗa ya zama gatari, to gara ka ji sauran.

Da ya faɗi kalmar nan, ni ma tuffa na ɗauka. Na tashi da gwiwoyin nan na fita, na yage jarida na tsinko ɗaya. Ba ta gama nuna ba, amma ka san ita ko ɗanya ba ta tsami. Na kankare ta da cokali na kai masa baki. Le, kau da kai ya yi. Ya tura cokalin da bayan hannu, ya sake kallon ƙofa ya sake faɗa. Na ce a raina ko ɗanyantakar ce ba ya so, don ka san shi da tsinkar abin da bai kai ba. Har yau haka nake faɗa wa kaina.

Maganar harshe kuma, gaskiya na faɗa, amma ba duka ba. Tun da aka dawo da shi daga asibiti ya daina gane mu sosai. Yakan ɗauke ni ma'aikaciyar jinya, ya yi mini magana da harshen makaranta, da ladabi, har da godiya. Ranar ma da safe haka ya yi.

To ka ji. Ban sani ba. Warsini ba ta sani ba. Wanda ya sani an rufe shi. Na juya abin nan har kaina ya yi ciwo, wata rana tuffa ce, wata rana kai ne.

Reshen nan da na ba ka labari ya yi fure, shi kaɗai a duk lambun, yanzu har ya ɗaura 'ya'ya ƙanana kamar goro. Bishiyarsa za su fara sarewa.

Ni ba zan iya zama in ji ƙarar injin ba. Jibi zan tafi Blitar wajen 'yata, makulli yana hannun Pak Legimin. In ka ga dama ka rubuto can.

Bulik ɗinka


Punten, 27 ga Disamba, 1997

Zuwa ga Bulik, a Blitar,

Assalamu alaikum. Ki duba saman takardar nan ki ga daga inda nake rubutu. Yaya ƙafar? Yaya 'yarki da maigidanta? Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da hannuwa.

Takardarki sai da wata ya mutu ta same ni. A tsaye na karanta ta a bakin gareji, ban koma gida ɗaukar kaya ba, Bahrun ya kai ni tashar jirgin ruwa da rigar da ke jikina. Daga Surabaya na yi shatar mota. Tun daga gadar ƙasa na fara jin injin.

Ruwa ne ya rage musu sauri, in ba haka ba da ban tarar da komai ba. Na shiga cikin taɓo ina ɗaga hannu, babbansu ya kashe injin ya ce, "Kai kuma wa?" Na ce mai lambu. Ya ce, "Mai lambu yana can Samarinda, a Kalimantan, shi ya ce a sare." Sai da Pak Legimin ya tsallako shinge ya shaide ni. Na sallame su, suna tafe suna waiwayena.

Daga bakin hanya suka fara, yadda na ce. Manalagi babu ko ɗaya, Bulik. Duk layin da ke gaban ɗakinsa kututture ne. Ta farkon ma an riga an faskara, wata mata ta kwashe. Na yi shekaru ina ganin ana kayar da itatuwan da mutum biyar ba sa zagaye su, ban taɓa tsayawa na kalli kututture ba. Waɗannan ko cinyata ba su kai ba.

Abin da ya rage, Rome Beauty daga tsakiya zuwa sama, da marasa sunan can kan tudu. Wato waɗanda na fi zagi su aka bar mini.

Mata sun ƙi shiga, ko da na ninka musu. Don haka ni na zage su. Pak Legimin ya tsaya a bakin shinge yana kallona ranar farko, ya ce, "Haji, zaga ake yi, ba fiɗa ba. Ka bar idon, a nan furen yake." Na ce ya kula da Annarsa. Washegari dai ya shigo, ya kama layi na gaba. Ya ce lokaci ya wuce, damina ta kama, ko sun yi fure ruwa zai kakkaɓe rabi, ga ciwo ya ci su. Na ce na ji. Tafin hannuna duk ya tsage, biron nan ma da ƙyar nake riƙe shi.

Ba zan ɓoye miki ba, in hazo ya rufe ina aiki, nakan ji kamar akwai hannu na uku a layin da ke bayana. Ba na juyawa. Ban sani ba ko tsoron in gani nake yi, ko tsoron in juya in tarar ba kowa. Tambayar da na zo da ita ban samu mai amsa ta ba, na kuma daina sa ran samu. Motoci na bar wa Bahrun da matata, zan kai aƙalla tsinka a nan.

Ga dalilin takardar. Yau da safe na hau tudu, na ga idanun marasa sunan sun kumbura, wasu har sun tsage, akwai ɗan abu kore a ciki. Pak Legimin ya ce shi bai san halin wannan iri ba, ku biyu kaɗai kuka san su, ke da Baba. Na tsuguna a gabansu har rigata ta jiƙe, na kasa gane ko fure ne ke zuwa ko ganye ne kawai. In fure ne, ban san me ake yi musu cikin ruwan nan ba.

Azumi ya gabato. Zan turo mota ranar Litinin, da katifa a baya saboda ƙafar. In tudun ya fi ƙarfinki, ni zan goya ki mu hau. Ki zo ki duba mini, Bulik. Roƙonki nake yi.

Marsudi